William Coley: Likitan da ya nemi maganin ciwon daji a cikin zazzaɓi

Duk wanda ya ratsa lungunan unguwar Fezzan da ke tsakiyar birnin Maiduguri da hantsi, ya tarar da yara suna wasa ba riga, zai lura da wani ɗan tabo a saman damtsen hagun da yawa daga cikinsu. Tabon allurar BCG ne, rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai a kwanakin farko na haihuwa. Uwaye sun san shi, ma'aikatan shan-magani sun san shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan ruwan allurar dai shi ne likitoci ke ɗurawa a cikin mafitsarar masu ciwon daji tun daga shekarar 1976, kuma har yanzu yana sahun gaba a magungunan cutar idan ba ta riga ta ci bangon mafitsara ba.

Tunanin da ya haifar da wannan aiki, wato a tsokano garkuwar jikin mutum domin ta far wa ciwon daji da kanta, ya girmi BCG ɗin ma. Mutumin da aka fi jingina wa shi wani likitan tiyata ne ɗan Amurka mai suna William Bradley Coley, wanda ya shafe shekara 45 yana kare wannan ra'ayi, ya kuma mutu a 1936 yawancin abokan aikinsa ba su gaskata shi ba.

An haifi Coley ranar 12 ga Janairu, 1862 a Saugatuck, wani yanki na garin Westport a jihar Connecticut. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Yale, ya kammala a 1884, sannan ya tafi can yammacin ƙasar, birnin Portland na jihar Oregon, inda ya koyar da harsunan Latin da Girkanci na shekara biyu. Daga nan ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Harvard, ya fito a 1888, ya kama aikin sanin makama a Asibitin New York ƙarƙashin manyan likitocin tiyata na lokacin, ciki har da William Bull. Har zuwa nan babu wani abu a rayuwarsa da ya bambanta shi da sauran matasan likitoci masu neman suna da abin kansu.

Yarinyar da ta mutu a hannunsa

A watan Oktoban 1890 aka kawo masa wata budurwa 'yar shekara 17, Elizabeth Dashiell, wadda aka fi sani da Bessie. Watanni kaɗan kafin nan kujerar jirgin ƙasa ta matse mata hannun dama a wata doguwar tafiya da ta yi, wurin ya kumbura, zogi ya ƙi tsayawa. Coley ya ɗauka ƙurji ne da ya tara ruwa. Ya tsaga, bai sami mugunya ba. Da aka yanki tsokar aka duba ta a madubin likita sai aka ga sakoma ce, nau'in ciwon daji da ke kama ƙashi da tsoka. A watan Nuwamba ya yanke hannun daga ƙasan gwiwa, wanda shi ne iyakar abin da ilimin wancan zamani ya sani. Bai yi amfani ba. Cutar ta riga ta bazu, ƙulullutai suka yi ta fitowa a ƙirjinta da cikinta da fatarta, ta rasu ranar 23 ga Janairu, 1891.

Bessie aminiyar John D. Rockefeller ƙarami ce, ɗan attajirin man fetur ɗin nan da ya fi kowa dukiya a Amurka. Mutuwarta ta girgiza saurayin, kuma masu tarihi na ganin tana cikin dalilan da suka sa daga baya ya zuba dukiya a binciken ciwon daji. Shi ne ma ya ba da filin da aka gina sabon Asibitin Memorial a kansa a New York. Shi kuwa Coley, mai shekara 29 a lokacin, abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya yi komai daidai yadda aka koya masa, ya yi da wuri, amma ko kusa bai tare cutar ba.

Sai ya koma ɗakin ajiye takardun asibitin, ya shiga bin fayilolin masu sakoma na shekara 15 da suka gabata ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu ya ci karo da labarin wani Bajamushe ɗan ci-rani mai suna Fred Stein. An yi wa mutumin nan tiyata har sau huɗu don cire ƙari a wuyansa, kullum yana dawowa, har Bull ya fitar da rai da shi. A ƙarshen 1884, yana kwance da buɗaɗɗen rauni, sai ya kamu da erisifelas, wata cutar fata da ƙwayar bakteriya ta Streptococcus ke haddasawa, mai sa fata ta yi jawur tana zafi, jiki ya ɗauki zazzaɓi mai tsanani. A wancan zamani da babu fenisilin, cutar kan yi kisa a ɗakunan tiyata. Stein ya sha da ƙyar. Amma da zazzaɓin ya sauka, sai ƙarin ya fara narkewa, raunin ya warke, aka sallame shi a farkon 1885.

Wani likitan da ya karanta ya yi mamaki ya mayar da fayil. Coley fita ya yi neman mutumin. Ya yi makonni yana hawa da sauka a benayen gidajen hayar talakawa na unguwar Lower East Side, inda baƙin Jamus suka yi cincirindo, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya, har ya same shi. Stein na nan da ransa da lafiyarsa, da babban tabo a wuya, babu alamar ciwon bayan kusan shekara bakwai.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da masu yi wa Coley kirarin uban wannan fanni kan tsallake: ba shi ya fara lura da abin ba. Wani likita a birnin Bonn na Jamus, Wilhelm Busch, ya riga ya sa wa wata mai ciwon daji erisifelas da gangan tun 1868, ƙarin ya ragu na ɗan lokaci. Friedrich Fehleisen, wanda ya gano ƙwayar da ke kawo cutar a farkon shekarun 1880, shi ma ya jarraba. Coley ya karanta rubuce-rubucensu. Abin da ya fi su da shi naci ne; su sun taɓa sun bari, shi ya riƙe har kabari.

Zola, da cutar da aka saka masa da gangan

A watan Mayun 1891 ya sami wanda zai gwada a kansa, wani Ba'italiye da tarihi ya riƙe sunansa ɗaya kawai, Zola. Ƙari ya cika masa wuya, wani kuma kamar ƙwan kaza ya toshe masa maƙogwaro, abinci ba ya wucewa sai ruwa-ruwa, ana ganin makonni suka rage masa. Coley ya shiga yi masa allurar ƙwayoyin Streptococcus masu rai. Wata biyar yana fama, cutar ta ƙi kamawa sosai. Ƙarin kan ɗan ja baya ya sake dawowa. A watan Oktoba aka kawo masa wani iri mai ƙarfi daga ɗakin binciken Robert Koch a Berlin. Cikin sa'a guda da allurar Zola ya fara makyarkyata da amai, zafin jikinsa ya haura digiri 40. A rana ta biyu ƙarin wuyan ya fara farfashewa, cikin mako biyu ya ɓace. Na maƙogwaron ya tsuke har mutumin ya koma cin abinci. Zola ya ƙara shekara takwas da rabi a duniya kafin ciwon ya dawo ya kashe shi a ƙasarsu.

Da a yau ne, da wuya wani kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da abin da Coley ya yi. Shi kansa bai daɗe ba ya ga haɗarin. A cikin marasa lafiyar da suka biyo bayan Zola, wasu cutar ta ƙi kama su duk yadda ya yi, wasu ta kama su ƙarin ya ragu, biyu kuma cutar da ya saka musu da hannunsa ce ta kashe su. Wannan ya sa ya sauya dabara. Ya daina amfani da ƙwayoyi masu rai, ya koma kashe su da zafi, ya gauraya su da wata bakteriyar da yanzu ake kira Serratia marcescens, wadda ke ƙara wa ta farkon kaifi. Wannan gaurayen shi ne ya shahara da sunan gubar Coley.

Wanda aka fara yi wa ita, a watan Janairun 1893, wani yaro ne ɗan shekara 16, John Ficken, mai ƙaton ƙari a ciki wanda wuƙa ba za ta iya cirewa ba. Aka yi ta yi masa allura a cikin ƙarin kowane 'yan kwanaki, kowace allura na tayar masa da zazzaɓi da rawar ɗari. Cikin 'yan watanni ƙarin ya zube. Ficken ya rayu shekara 26 bayan haka, kuma ciwon zuciya ne ajalinsa.

Daga nan har ƙarshen aikinsa Coley ya yi wa marasa lafiya kusan 1,000 wannan magani, yawancinsu waɗanda aka riga aka ce tiyata ba za ta yi musu ba, ya kuma wallafa maƙaloli wajen 150. Kamfanin haɗa magunguna na Parke-Davis ya fara sayar da gubar a 1899. Likitoci a Amurka da Turai suka gwada, wasu suka ga abin al'ajabi, da yawa ba su ga komai ba. Tun 1894 mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yi wa maganin kaca-kaca, tana kafa hujja da likitocin da suka jarraba ba su dace ba.

Me ya sa aka ƙi shi?

An saba ba da labarin nan kamar na gwarzo da maƙiya, amma wanda ya duba da idon basira zai ga masu shakka suna da hujjarsu. Gubar ba iri ɗaya ba ce: an lissafa haɗi daban-daban har 13 da aka yi amfani da su a tsawon shekarun, wani mai ƙarfi, wani kusan ruwa. Coley kansa ba shi da ƙa'ida ɗaya. Wani ya yi masa allura a jijiya, wani a tsoka, wani a cikin ƙarin, wani na makonni, wani na watanni. Bai taɓa raba marasa lafiya gida biyu ya ba wasu ya hana wasu domin a gwada ba, ko da yake a zamaninsa ba a san wannan tsari sosai ba. Maganin kuma wahala ne da shi: sai likita ya tsaya a kan mara lafiya yana ƙara yawan allurar a hankali har zazzaɓi ya kai inda ake so, ba tare da ya wuce ya yi kisa ba. Mafi muni, Coley bai iya bayyana yadda abin ke aiki ba. Ilimin garkuwar jiki yana jariri a lokacin. Shi a nasa ganin wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ciwon daji, gubarsa kuma tana yaƙarta ne, kuma ya riƙe wannan fahimta har ya mutu, bayan sauran masana sun yi watsi da ita.

Sannan ga kishiya ta shigo. An gano hasken X-ray a 1895, aka gano sinadarin radiyom a 1898. Gashi da waɗannan haskoki yana ƙona ƙari a gaban idon kowa, ana iya auna shi, kuma sakamakonsa kusan iri ɗaya ne a hannun kowane likita. Coley bai ƙi sabon abin ba, yana ma cikin waɗanda suka fara kawo na'urar X-ray asibitinsu, sai dai ya yi saurin lura cewa sau da yawa ƙarin kan dawo. Wanda ya zame masa ƙarfen ƙafa shi ne James Ewing, babban masanin cututtuka na Asibitin Memorial, mutumin da har yau wani nau'in ciwon dajin ƙashi ke ɗauke da sunansa. Wani attajirin ma'adinai, James Douglas, ya ba asibitin kuɗi da radiyom mai yawa, Ewing ya zama mai faɗa a ji, ya kuma tsaya kai da fata cewa gashi ne makomar maganin ciwon daji. Duk lokacin da Coley ya nuna wanda ya warke, amsar da ya fi samu ita ce tun asali ba ciwon daji ba ne, kuskuren gwaji ne. Mutanen biyu sun yi shekaru suna aiki ƙarƙashin rufi ɗaya, ɗaya na shugabantar sashen ciwon dajin ƙashi, ɗaya na shugabantar asibitin, ba sa ga maciji a kan wannan batu.

Kada a ɗauka Coley ya rayu a wulaƙance. Ƙwararren likitan tiyata ne da ake ji da shi, musamman a aikin ƙaba, wanda ya yi wa dubban yara da manya. Ya riƙe muƙamin babban likitan tiyata na asibitin ƙashi da yanzu ake kira Hospital for Special Surgery daga 1925, attajirai na cikin marasa lafiyarsa, kuma a 1935 Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila ta karrama shi da zama ɗanta na girmamawa. A shekarun ƙarshe ma wasu daga cikin masu sukarsa sun sassauto, sun yarda cewa akwai waɗanda gubar ta yi wa amfani. Amma jikinsa ya riga ya gaji, ga gyambon ciki da ya daɗe yana damunsa. Ya rasu ranar 16 ga Afrilu, 1936 a New York yana da shekara 74.

Ewing ya bi shi bayan shekara bakwai, a watan Mayun 1943. Ciwon dajin mafitsara ne ya kashe shi, cutar da daga baya ta zama wurin da tunanin abokin hamayyarsa ya fara samun gindin zama.

'Yar da ta ƙi bari a manta

Shekara shida da rasuwar Coley, a 1942, likitoci a Yale suka fara gwada wani sinadari ɗan'uwan iskar gubar yaƙi a kan mai ciwon daji. Wannan ne mafarin kemoterafi, maganin da ke kashe duk ƙwayar halittar da ke saurin rabuwa, ta ciwo da ta lafiya. Daga nan hankalin duniya ya koma can. Parke-Davis ya daina haɗa gubar a farkon shekarun 1950. Bayan dokar magunguna ta 1962, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauke ta a matsayin sabon maganin da ba a tabbatar ba, duk da shekara 70 da ta yi ana amfani da ita. A 1965 Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka ta saka ta a jerin magungunan da ba su da hujja, jerin da ya ƙunshi na 'yan damfara. Sai bayan shekara goma aka cire ta.

Ɗansa Bradley ya gaje shi a shugabancin sashen ciwon dajin ƙashi na Memorial. Amma wadda ta ɗauki nauyin sunansa 'yarsa ce, Helen Coley Nauts, wadda aka haifa a 1907, matar aure da ba ta yi karatun likita ba. Ta je gidan gonarsu a garin Sharon da niyyar rubuta tarihin mahaifinta, ta tarar da tulin wasiƙu da fayilolin marasa lafiya a rumbu. Sai ta koya wa kanta ilimin ciwon daji, ta shiga rubuta wa likitoci da iyalai wasiƙu tana bin diddigin kowane mutum. Ta tattara bayanan mutum 896 da madubin likita ya tabbatar da ciwonsu, ta nuna cewa sakamakon ya danganta da ingancin haɗin, da tsawon lokacin da aka yi ana allurar, da kuma ko zazzaɓi ya tashi. A 1953 ta kafa Cibiyar Binciken Ciwon Daji a New York tare da Oliver Grace, da gudummawar dala 2,000 daga Nelson Rockefeller, ɗan wancan saurayin da ya yi makokin Bessie. Ta rasu a 2001 tana da shekara 93.

Cibiyar ta jawo wani matashin masani, Lloyd Old, wanda a 1959 ya nuna cewa allurar BCG na ƙara wa ɓeraye juriya ga ciwon daji. A 1976 wani likitan mafitsara a birnin Kingston na Kanada, Alvaro Morales, ya wallafa sakamakon ɗura BCG ta bututu a cikin mafitsarar mutum tara, sau ɗaya a mako har mako shida. Ƙwayar kan tayar da kumburi a bangon mafitsara, sojojin jiki su yi dafifi a wurin, su haɗa da ƙwayoyin ciwon su cinye. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1990. Bakteriya ce aka raunana aka saka wa mai ciwon daji da gangan, kusan abin da Coley ya yi wa Zola shekara 85 kafin nan.

Da aka haɗa kishiyoyin biyu

BCG ba ya aiki idan ciwon ya ratsa bangon mafitsara ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko huhu, haka ma idan a bututun fitsari ko ƙoƙon ƙoda ya faro ya yi nisa. A nan kemoterafi ne ya yi sarauta shekara kusan 40. A tsakiyar shekarun 1980 likitocin Memorial, asibitin Coley da Ewing, suka fito da haɗin magunguna huɗu da cisplatin ke jagoranta. A 2000 aka nuna cewa haɗin gemcitabine da cisplatin na yin aiki kusan iri ɗaya da ƙarancin wahala. Amma ko da wanne, rabin marasa lafiya ba sa wuce wata 14 zuwa 15.

Abin da ya sauya lissafi shi ne gano cewa garkuwar jiki tana da birki. Ƙwayoyin jini masu farautar baƙo suna ɗauke da wasu makunnai da ke dakatar da su don kada su cinye jikin mai su, ciwon daji kuma ya koyi taka wannan birki domin ya tsira. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2018 kan wannan bincike, dukansu sun riga sun karɓi lambar yabo mai ɗauke da sunan Coley. Magungunan da suka fito daga aikinsu, irin su nivolumab da pembrolizumab da avelumab, cire ƙafar ciwon suke yi daga kan birkin. Coley totur ya yi ta takawa da zazzaɓi, bai san da birkin ba.

Hikimar haɗa su da kemoterafi ita ce, idan guba ta farfasa ƙwayoyin ciwon, tarkacensu kan fallasa su ga sojojin jiki, maganin garkuwa kuma ya sake wa sojojin mara. A aikace abin bai zo da sauƙi ba. Manyan gwaje-gwaje biyu na farko da aka haɗa su a lokaci guda ba su nuna ƙarin tsawon rai da za a dogara da shi ba. A 2020 aka ga cewa ba da avelumab bayan an gama kemoterafi ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 14.3 zuwa 21.4. Sai a watan Oktoban 2023, a taron masana ciwon daji na Turai a birnin Madrid, aka gabatar da sakamako biyu a rana ɗaya. A gwajin CheckMate 901 mai mutum 608, ƙara nivolumab a kan gemcitabine da cisplatin ya kai tsawon rai wata 21.7 maimakon 18.9, kuma waɗanda ciwon ya ɓace musu gaba ɗaya a hoto sun kai kashi 21.7 cikin ɗari maimakon 11.8. A gwajin EV-302 mai mutum 886, an haɗa pembrolizumab da enfortumab vedotin, wani magani da ke ɗaukar gubar kemoterafi ya kai ta kan ƙwayar ciwon kai tsaye; tsawon rai ya tashi daga wata 16.1 zuwa 31.5. Watanni ake magana, kuma magungunan na da nasu sharrin, domin garkuwar da aka cire wa birki kan juya ta far wa fata ko hanji ko huhu ko maƙoƙo. Duk da haka, a cutar da ta shekara da shekaru ba ta motsa ba, wannan babban abu ne.

Mai karatu a Fezzan ko Gwange ko Hausari na da haƙƙin tambayar ina nasa rabon a ciki. Amsar ba mai daɗi ba ce, kuma kuɗi ne kashin farko. A Amurka farashin allurar pembrolizumab guda, wadda ake maimaitawa duk mako uku, ya haura dala 10,000, a ƙasarmu kuwa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta kafa ya faro ne da ciwon nono da na bakin mahaifa da na furostet. Shi kansa cisplatin mai araha sai mai lafiyayyar ƙoda ake ba wa, alhali wanda ya zo asibiti a makare sau da yawa ƙarin ya riga ya toshe hanyar fitsari ya taɓa ƙodar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, madogarar masu wannan cuta a Borno da Yobe har da maƙwabtan ƙasashe, shi ma ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024 ta shiga cikinsa ta lalata na'urori masu tsada.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi kuɗi zurfi. Waɗancan gwaje-gwaje an yi su ne a kan nau'in ciwon da ya fi yawa a Turai da Amurka, wanda shan taba da sinadaran masana'antu ke jawowa. A arewacin Najeriya kaso mai yawa na ciwon dajin mafitsara wani nau'i ne daban, wanda ke biyo bayan tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana shiga fatar mai wanka ko kamun kifi ko noman rani a ruwan da dodon-koɗi ke zaune, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Shekara da shekaru ƙwan na ƙaiƙayi da miki a wurin har naman ya juye. Tun 1911 wani likita a Alƙahira, A. R. Ferguson, ya danganta ta da ciwon daji, kuma a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka tsutsar a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa shi. Kuskuren Coley na cewa wata halitta mai rai ce ke kawo ciwon daji, a gaɓar Tafkin Chadi da bakin kogin Ngadda ya kusa zama gaskiya.

Wannan nau'in bai cika jin kemoterafi ba, kuma yakan kama mutane tun suna da sauran ƙarfinsu, shekara arba'in zuwa hamsin. A ƙauyuka da dama har yanzu ana ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji alamar balaga ce, shi ya sa idan jinin ya dawo masa yana magidanci ba ya ɗaga hankali sai fitsarin ya fara fita da gudaji da tsoka. Maganin tsargiyar, praziquantel, ƙwayoyi ne da ake haɗiya a zama ɗaya gwargwadon tsayin yaro ko nauyinsa, kuma kyauta ake raba shi a makarantun firamare duk lokacin da aka fito gangamin rabon.